Yadda Kamfani Ke Samun Izinin Ɗauko Ma'aikaci Daga Ƙasar Waje, Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini, kowa da irin yadda yake juya ta. Wani yana da ƙaramin kamfanin gine-gine, ya ci karo da gwanin walda a wata ƙasa, yana so ya ɗauko shi. Wata kuma ita ke riƙe da sashen ma'aikata a wani asibiti, an ce ta nemo ma'aikatan jinya uku daga waje kafin ƙarshen shekara. Dukansu ga abin da suke cewa: "Mun riga mun sami mutumin, yanzu wane fom za mu cike?"

A nan kuskuren farko yake. Mutumin shi ne abu na ƙarshe da hukuma za ta duba. Kusan kowace ƙasa ƙofa uku take kafawa, kuma bi da bi ake shige su: a tantance kamfanin, a tantance gurbin aikin, sannan a tantance wanda zai cike gurbin. Wanda ya fara daga ƙofa ta uku zai ga an mayar da shi baya, ga kuɗi ya kashe, ga alkawari ya ɗaukar wa bawan Allah.

Sunayen takardu da farashinsu sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma jerin matakan kusan ɗaya ne. Zan riƙa kawo misali daga Birtaniya, Kanada, Amurka, Singafo, Jamus, Ostireliya da ƙasashen Gabas ta Tsakiya. Kowane adadi na haɗa shi da shekararsa inda ya kamata, domin waɗannan kuɗaɗe ba sa zama wuri ɗaya. Ranar da za ka biya, ka buɗe shafin hukumar da kanka ka ga abin da ke rubuce.

Mataki na 1: Gano rukunin da aikin ya faɗa

Izinin aiki iri-iri ne. Akwai na ƙwararru masu digiri, akwai na masu aikin hannu, akwai na aikin gona na ɗan lokaci, akwai na ma'aikacin da kamfani ya ɗauko daga reshensa na wata ƙasa. Kowanne da fom ɗinsa da sharuɗɗansa.

A Amurka, izinin aikin da ake kira H-1B na ƙwararru ne, kuma gurbi 65,000 ake bayarwa a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu babban digiri daga jami'o'in ƙasar. A watan Maris ake rajista, idan masu nema sun fi guraben a yi ƙuri'a, wanda ya dace kuma ba zai fara aiki ba sai 1 ga Oktoba. H-2A na aikin gona ne, ba shi da iyakar adadi. H-2B na sauran ayyukan wucin gadi ne, gurbinsa 66,000. A Singafo kuwa izinin masu aikin hannu ya dogara da fannin da kamfanin yake, kuma kowane fanni da jerin ƙasashen da aka yarda a ɗauko mutum daga cikinsu.

Hattara: hanyar da aka bi bara tana iya rufewa bana. Birtaniya ta daina karɓar sabbin masu kula da tsofaffi da marasa lafiya daga waje tun 22 ga Yulin 2025. Duk wanda ya ce maka zai samo maka wannan gurbin daga waje yanzu, ka riƙe aljihunka.

Mataki na 2: Gyara cikin gidanka

Kafin ka taɓa kowane fom, ka ɗauki babban fayil ka tara shaidar cewa kamfaninka na gaske ne, yana aiki, kuma yana da ƙarfin biyan albashi. Abin da aka fi nema shi ne takardar rajistar kamfani, shaidar biyan haraji, bayanan asusun banki na watannin baya, takardar mallaka ko hayar wurin aiki, inshorar ma'aikata, jerin ma'aikatan da kake da su da albashinsu, da lasisin sana'a idan aikinka irin wanda ake ba lasisi ne, kamar asibiti ko makaranta.

Birtaniya takan nemi aƙalla takardu huɗu daga jerin da ta fitar, kuma inshorar ma'aikatan da za ka nuna kada ta gaza ta fam miliyan 5. Bayan ka tura fom ta intanet, kwanakin aiki biyar kacal gare ka ka aika da takardun. Shi ya sa nake cewa a tara su tukuna. Mutane da yawa sai sun danna maɓallin turawa sannan su fara neman inda suka ajiye takardar haya.

Ka jera takardun a kan tebur ka karanta su layi-layi. Sunan kamfani da adireshinsa su zo iri ɗaya a kowacce. Idan kun ƙaura bara amma banki yana nan da tsohon adireshi, ka je a gyara tun yanzu. Haka kuma idan akwai bashin haraji ko albashin da ba a biya ba, a fara sauke shi. A Hadaddiyar Daular Larabawa ta wani tsarin lantarki ake biyan albashi wanda ma'aikatar ƙwadago ke kallo, kuma kamfanin da ya yi jinkirin biya ana dakatar da ba shi sabbin izini.

Mataki na 3: Rajista a matsayin mai ɗaukar nauyi, da sanin kasonka

Wasu ƙasashe sai sun ba kamfani lasisi na musamman kafin ya iya gayyato kowa. A Birtaniya Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke bayar da shi. A 2025 ƙaramin kamfani ko ƙungiyar agaji na biyan fam 574, babban kamfani fam 1,579, kuma yawancin buƙatu ana yanke hukunci a kansu cikin ƙasa da mako takwas. Za a ce ka ba da sunayen mutanen da za su riƙe amanar lasisin: babban jami'in da alhakin komai ke wuyansa, wanda hukuma za ta riƙa tuntuɓa, da wanda zai riƙa shiga shafin yana tura bayanai. Mutum ɗaya na iya riƙe duka ukun. Ana binciken tarihinsu, saboda haka kada ka sa sunan wanda aka taɓa kamawa da laifin shige da fice ko zamba. A Ostireliya ma akwai irin wannan amincewa, tana kai shekara biyar.

Jami'ai suna iya zuwa wurin aikinka kafin su amince, wani lokaci ba tare da sanarwa ba. Ba doguwar hira suke yi ba. Sukan ce, "Nuna mana yadda kuke rubuta zuwan ma'aikata. Idan wani bai zo aiki ba yau, wa zai fara sani? Ina kuke ajiye kwafin fasfo? Wa ke lura da ranar da biza za ta ƙare?" Idan amsar ita ce kallon juna, an gama.

Wasu ƙasashen kuma kaso suke yanka wa kamfani gwargwadon yawan 'yan ƙasa da yake biya albashi. Wannan lissafin yana rikita mutane, bari in tsaya a kansa. A Singafo, a fannin hidimomi, baƙi ba za su wuce kashi 35 cikin 100 na dukkan ma'aikata ba, a masana'antu kuma kashi 60. Ka lura da kyau, dukkan ma'aikata aka ce, 'yan ƙasa da baƙi a haɗe. Mai 'yan ƙasa 13 a fannin hidimomi zai iya ɗaukar baƙi 7, domin 7 cikin 20 shi ne kashi 35. Kuma ba da baki ake ƙirga 'yan ƙasar ba. Hukuma na duba kuɗin asusun fansho da ka zuba musu a watanni ukun da suka wuce. Ka makara wajen zubawa, kasonka ya ragu. Saudiyya tana da tsarin Nitaqat tun 2011, wanda ke raba kamfanoni launi-launi bisa yawan 'yan ƙasar da suka ɗauka, kuma kamfanin da ya faɗa ja ba ya samun sabuwar biza. Kanada ta rage kason masu ƙaramin albashi zuwa kashi 10 a yawancin fannoni tun Satumban 2024.

Hattara: kada ka cusa sunayen 'yan uwa da abokai a jerin albashi don kasonka ya ƙaru alhali ba sa aiki. Hukumomi sun san wannan dabara tun tuni, kuma laifi ne da ke kai mutum kotu.

Mataki na 4: Rubuta bayanin aikin, ka yanke albashi

Zauna da wanda zai shugabanci ma'aikacin ku rubuta abin da zai riƙa yi kullum, awa nawa a mako, a wane adireshi, da irin ilimi da gogewar da aikin ke buƙata da gaske. Daga nan ka nemo lambar sana'ar. Ƙasashe da yawa sun ba kowace sana'a lamba: ta Birtaniya mai alƙaluma huɗu ce, ta Kanada mai biyar. Wannan lamba ce ke nuna ko aikin ya cancanta, ita ce kuma ke nuna mafi ƙarancin albashinsa.

Ayyukan da ka lissafa su ake dubawa, ba sunan muƙami ba. Idan ka kira mutum manaja amma abin da ka rubuta a ƙasa aikin mai karɓar kuɗi ne, jami'in da ke karantawa zai gane.

Batun albashi ba ya karɓar ciniki. Hukuma na so ta tabbatar ba ka ɗauko baƙo don ya fi araha ba. A Birtaniya, tun 22 ga Yulin 2025, ma'aunin gama-gari na ƙwararren ma'aikaci fam 41,700 ne a shekara, ko abin da ake biya a wannan sana'ar, duk wanda ya fi yawa, ko da yake akwai rangwame ga wasu rukunai. A Amurka, ga mai H-1B, za ka biya wanda ya fi yawa tsakanin albashin da aka saba biya a yankin da wanda kake biyan sauran ma'aikatanka masu irin aikin. A Kanada matsakaicin albashin sana'ar a yankin ake bi. A Jamus hukumar samar da ayyuka ta tarayya ce ke duba cewa sharuɗɗan baƙon ba su gaza na ɗan ƙasa ba.

Hattara: yawanci tsagwaron albashi ake ƙirgawa. Kuɗin ƙarin awa, kyautar ƙarshen shekara da alawus-alawus ba lalle su shiga lissafi ba. Kuma abin da ka rubuta shi za ka biya har ƙarshe. Rubuta adadi mai tsoka a fom sannan a karɓe wani abu daga hannun ma'aikaci ta bayan fage zalunci ne, kuma yana daga cikin abubuwan da suka fi jawo a soke lasisi.

Mataki na 5: Tallata gurbin ga 'yan ƙasa

Wannan mataki ba ko'ina ake yinsa ba. Birtaniya ta soke shi a ƙarshen 2020, Jamus ma ta ɗauke shi ga ƙwararru a dokarta ta Maris 2020. Amma inda ake yinsa, nan ne buƙatu suka fi faɗuwa, saboda kurakuransa ƙanana ne kuma ba sa gyaruwa sai an sake daga farko.

A Kanada sunan takardar LMIA, wato binciken tasirin da ɗauko baƙo zai yi wa kasuwar ƙwadago. Bisa ƙa'idar 2025, kafin ka nema, sai ka sa talla a shafin gwamnati na Job Bank na aƙalla mako huɗu a jere, cikin watanni ukun da suka gabaci buƙatar, ka kuma ƙara wasu hanyoyin talla biyu. A Singafo, wanda zai ɗauki ƙwararre sai ya sa talla a shafin gwamnati na MyCareersFuture na aƙalla kwana 14. Ostireliya mako huɗu take nema.

Ga yadda za ka yi. Ka sa cikakken bayani a tallan: sunan kamfani, wurin aiki, albashi, awanni, da abin da ake buƙata, kuma su zo daidai da abin da za ka rubuta a fom. Ranar farko ka ɗauki hoton shafin yadda kwanan wata zai fito, ka sake ɗauka a tsakiya, ka sake a ranar ƙarshe. Ka ajiye rasit. Duk ɗan ƙasar da ya nema, ka rubuta sunansa, ranar da ya nema, ko an yi masa tambayoyi, da dalilin da ya sa ba a ɗauke shi ba. Dalilin ya zama na aiki: ba shi da lasisin da doka ta wajabta, ko an ba shi aikin ya ƙi. "Bai dace da mu ba" ba amsa ba ce.

Na taɓa taya wani ƙaramin kamfani duba fayil ɗinsu bayan an ƙi buƙatarsu. Komai ya cika, takardu tsaf a cikin leda, sai abu ɗaya. Ana tsakiyar talla suka ga albashin da suka sa ya yi ƙasa, suka shiga suka gyara adadin, suka ci gaba da ƙirga kwanaki daga ranar farko. Hukuma ta ce tallan da ke ɗauke da albashin gaskiya bai cika kwanakinsa ba. Mai kamfanin ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ce, "To ai ƙara wa muka yi, ba ragewa ba." Gaskiya ya faɗa, amma sai da suka sake tallan, wanda suke jira kuma ya gaji ya kama aiki a wani wuri. Idan ka canza wani abu mai muhimmanci a talla, ka fara ƙirga daga ranar canjin.

Hattara: kada ka ɗinka tallan daidai jikin mutumin da kake so, kamar ka ce sai mai jin wani harshe da aikin ba ya buƙata. Idan kuma ɗan ƙasa da ya cancanta ya fito, ɗaukarsa ya kamata. Dalilin kafa matakin ke nan.

Mataki na 6: Lissafin kuɗi, da wanda zai biya

Kuɗin fom shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ka kashe. Ka rubuta su duka a takarda ɗaya kafin ka ci gaba.

A Kanada dala 1,000 ta ƙasar ake biya kan kowane gurbi na LMIA, kuma ko an ƙi buƙatar ba a mayarwa. A Birtaniya, bayan kuɗin lasisi, kowace takardar shaidar ɗaukar nauyi, wato wadda kamfani ke ba ma'aikaci ya nemi biza da ita, fam 525 ce tun Afrilun 2025, ga kuma harajin ƙwarewa da ake biya gwargwadon shekarun da ma'aikacin zai yi. A Singafo kuɗin nema dala 35 ne na ƙasar, na fitar da izini ma 35, amma akwai harajin wata-wata kan kowane ma'aikaci, da ajiyar jingina ta dala 5,000 kan duk wanda ba ɗan Malesiya ba, da inshorar lafiya da ba ta gaza dala 60,000 a shekara ba. A Jamus, mai son a hanzarta masa zai biya yuro 411 a ofishin kula da baƙi, bayan ma'aikacin ya ba shi wakilci a rubuce. A Amurka kuɗin rajistar H-1B ya tashi daga dala 10 zuwa 215 a 2025, sannan a Satumban wannan shekarar fadar shugaban ƙasa ta sanar da ƙarin dala 100,000 kan wasu sabbin buƙatu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka dalilin da ya sa ba a dogara da farashin bara.

Ka ƙara da kuɗin fassara, tantance takardun makaranta, gwajin lafiya, tikitin jirgi, lauya idan ka ɗauka, da masauki inda doka ta ɗora maka. Mai ɗauko ma'aikatan gona a Amurka, alal misali, dole ya ba su wurin kwana kyauta.

Abin da ya fi damuna a wannan harka shi ne mayar da waɗannan kuɗaɗe kan ma'aikaci. Kanada ta haramta karɓar kuɗin LMIA daga hannunsa. Birtaniya ta hana ɗora masa kuɗin lasisi da na takardar shaida tun ƙarshen Disamban 2024. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, ta ce kamfanonin samar da aiki kada su caji ma'aikaci. Mutumin da ya sayar da abin da ya mallaka ko ya ci bashi don ya sayi gurbi, ya iso wurinka a ɗaure. Ba ya iya cewa a'a, ba ya iya kai ƙara, ba ya iya komawa gida. Cinikin guraben ya yi ƙamari a Kanada har gwamnati ta cire makin da tayin aiki ke ƙara wa masu neman zama na dindindin a Maris 2025. Idan ba za ka iya ɗaukar kuɗin da kanka ba, lokacin ɗauko baƙo bai yi maka ba tukuna.

Mataki na 7: Tantance mutumin da takardunsa

Yanzu aka zo kansa. Ka karɓi kwafin fasfo, ka duba ranar ƙarewarsa, domin wasu ƙasashe ba sa ba da izinin da ya zarce ranar mutuwar fasfo. Ka karɓi takardun makaranta, shaidar wuraren da ya yi aiki, sakamakon jarrabawar harshe inda ake nema, da takardar 'yan sanda mai nuna ba shi da laifi. Likita, ma'aikacin jinya, injiniya da malami galibi sai hukumar sana'arsu a ƙasar da za su je ta amince da su, wannan kuwa yakan ci watanni, don haka a fara shi da wuri. Takardar da ba a harshen ƙasar take ba sai mai fassara da aka amince da shi ya fassara ta, wasu kuma sai an buga musu hatimin tabbatarwa irin na yarjejeniyar Hague ta 1961 ko na ofishin jakadanci.

Ka ɗora fasfo kusa da takardar digiri ka bi sunan harafi-harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan uba ya zo farko a wata takarda ya koma ƙarshe a wata, ko ranar haihuwa ta sha bamban da kwana ɗaya. Abin da ke cikin fasfo shi za ka kwafa a fom, inda aka sami saɓani kuma a nemo takardar rantsuwa tun kafin a tambaya.

Kwantiragi ya kasance cikin harshen da yake fahimta, ya karanta, ya sa hannu, ya riƙe kwafinsa kafin ya baro gida. A Hadaddiyar Daular Larabawa takardar tayin aiki da ya sa wa hannu dole ta yi daidai da kwantiragin da za a yi wa rajista.

Hattara: idan ta hannun dillali ka samo shi, ka nemi ganin lasisin dillalin, sannan ka kira ma'aikacin kai da kanka ka tambaye shi, "Nawa aka karɓa a wurinka? Wane aiki aka ce maka za ka yi? Nawa aka ce za a biya ka?" Abin da dillali ya yi da sunanka, kai za a tuhuma.

Mataki na 8: Miƙa buƙata

Ta shafin hukuma kaɗai ake turawa, kuma ta nan ake biya. Kafin ka danna, ka sa wani wanda bai cike fom ɗin ba ya karanta, yana gwada muƙami, albashi, awanni da adireshi da abin da ke cikin talla da kwantiragi. A Amurka, neman H-1B hawa biyu ne: Ma'aikatar Ƙwadago ta fara amincewa da sharuɗɗan aikin, wanda kan ɗauki kwanakin aiki bakwai, ka kuma liƙa sanarwa a wurin aiki na kwana goma, sannan a kai fom I-129 ga hukumar shige da fice.

Bayan turawa ka riƙa duba imel ɗin da ka bayar kullum, har da akwatin tarkace. Idan aka nemi ƙarin bayani akan ba da wa'adi, wanda ya wuce shi kuma an rufe fayil ɗinsa. Idan aka ƙi, ka karanta dalilin da kyau kafin ka sake nema. A Birtaniya wasu dalilan ƙin kan sa a jira wata shida.

Hattara: kada ka ce wa ma'aikacin ya ajiye aikinsa, kada ka sayi tikiti, har sai amincewa ta zo a rubuce.

Mataki na 9: Daga amincewa zuwa biza

Amincewar da aka ba ka ba ita ce izinin ma'aikacin ba, kuma tana da ranar mutuwa. LMIA wata shida take yi. Takardar shaidar Birtaniya wata uku gare ta daga ranar da ka ba shi ita. Ka tura masa ita a ranar da ta fito, ya nemi biza, ya ba da hoton yatsu, ya yi gwajin lafiya. Ofishin jakadanci na iya ƙin sa duk da an amince maka, saboda su shi suke dubawa.

Kada a shigo da shi da bizar ziyara da niyyar a gyara daga baya, kuma kada ya fara aiki "na gwaji" kafin izini ya fito. A Birtaniya, tun Fabrairun 2024, tarar ɗaukar wanda ba shi da izini ta kai fam 45,000 kan mutum ɗaya a karon farko, 60,000 idan aka maimaita.

Mataki na 10: Makonni biyun farko

A Singafo, idan ajiyar jingina ba ta fara aiki ba a ranar da ya sauka, jami'in filin jirgi ba zai bar shi ya shiga ba, kai kuma za ka biya kuɗin mayar da shi nan take. Ka tabbatar da ita kafin ya hau jirgi. Bayan ya iso, kwana 14 gare ku a yi gwajin lafiya a kuma nemi a fitar da izinin. Sauran ƙasashe ma da nasu: rajistar adireshi, katin zama, lambar haraji, asusun banki da sunansa.

Ka ɗauki kwafin fasfonsa ka miƙa masa abinsa a hannu. Riƙe fasfon ma'aikaci laifi ne a ƙasashe da yawa, har da Saudiyya da Hadaddiyar Daular Larabawa, ko da ka ce don adana masa ka yi.

Mataki na 11: Riƙe izinin

Izinin yana ɗaure ne da kamfani ɗaya, aiki ɗaya, sau da yawa ma adireshi ɗaya. Ba a ba da aron ma'aikaci ga kamfanin aboki, ba a mayar da mai walda direba. Idan muƙami, albashi ko wurin aiki zai canza, hukuma za ta fara ji. A Birtaniya kwanakin aiki 10 gare ka ka sanar da canjin da ya shafi ma'aikaci, 20 idan ya shafi kamfanin, haka kuma idan ya yi fiye da kwanakin aiki 10 a jere bai zo ba babu izini. A Kanada shekara shida za ka ajiye takardun, kuma mai saɓawa na fuskantar tarar da ta kai dala 100,000 kan kowane laifi, da wallafa sunan kamfaninsa a shafin gwamnati.

Ka rubuta ranar ƙarewar izini da ta fasfo a kalanda, ka sa tunatarwa wata shida kafin nan. Ba a fafe gora ranar tafiya, sabuntawa ma tana iya buƙatar sabon talla da sabon ma'aunin albashi.

Idan aikin ya ƙare ko kun rabu, ka biya shi haƙƙinsa duka, ka sanar da hukuma, a soke izinin yadda doka ta tsara. A Amurka, wanda ya sallami mai H-1B kafin wa'adi shi zai biya kuɗin komawarsa gida. A Singafo sai an soke izini kuma ya bar ƙasar ake sakin jinginarka. A Birtaniya yawanci kwana 60 ake ba shi ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya tafi, saboda haka ka faɗa masa da wuri, ka ba shi takardar shaidar aiki a ranar da ya nema, domin da ita zai ƙwanƙwasa ƙofa ta gaba kafin kwanakin su ƙare masa.